Tankin Bayan Ɗakin Inna

"Muttaka, tankin ga ya koma zuba!" matarsa Kausar ta ƙwala masa kira.

Sati guda ke nan, kullum da hantsi sai ruwa ya tumbatsa, yana dukan wani tsohon kwano a bayan ɗakin Inna, mahaifiyar Muttaka, kamar ana ruwan sama.

Muttaka ya hau dakali yana mita, ya buɗe murfin. Ƙwallon da ke tsayar da ruwa lafiyarsa lau, ɗaure shi aka yi ƙasa da tsumma. Ya kwance. Ruwa ya tsaya, gida ya yi tsit.

Sai ya ji shessheƙa ta tagar Inna. "Sa'idu... Sa'iduna..."

Yayansa ke nan, wanda aka kashe a hanyar Zugu. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko ranar jana'iza, kunya ba ta bar ta ta zubar da hawaye ba.

Muttaka ya dubi tsumman. Gefen kallabin Inna ne.

"Ka gyara?" in ji Kausar.

Ya mayar da ɗaurin, ya ƙulle tamau.

"Tankin ga ba ya gyaruwa. A bar shi."