Babban Yatsan Baba

Jirgin ya keto allon silima kamar zai faɗo musu a cinya, 'yar Baba ta kauce ba shiri. Baba ko gezau.

Wata tara ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da shagon gem, wato wasan bidiyo, yana hure ƙurar kaset da bakinsa, yau hannunsa na dama yana yashe a kan nata kamar tsumma. Likita ya ce a dangana. Yayanta ma sai da ya ce, "Ke dai ba kya jin magana. Ina aka taɓa kai majinyaci silima?"

A fim ɗin, mutane na sanya tabarau su faɗa duniyar wasa, inda birane ke shawagi, teku na rataye a sama. Ta saki baki tana kallo. Amma da aka zo gwajin ƙarshe, sai duk ƙyalƙyalin ya ɗauke. Aka ajiye wa jarumar wani tsohon gem irin na shagon Baba: ɗan mutum mai kusurwa huɗu yana tsallake rijiyoyi.

Sai ta ji ana danna bayan hannunta. Kowace dannawa, ɗan mutumin ya yi tsalle.

Ta sunkuya. Babban yatsan Baba ne, har yana riga jarumar.

"Baba?"

Idonsa na kan allo. Da harshensa mai nauyi ya ce, "Daina motsi, uwata. Za ki sa mu faɗa rijiya."