Kusurwar da Ta Leƙa Waje

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Habibatu ma'aikaciya ce a wani ofishin filaye a Bauchi, aikinta yi wa kwamfuta tambaya. Taswirar kowane fili tana cikin rumbun bayanai, har da ta makiyayar bayan Tirwun, wadda aka hana taɓawa. Tambayar ɗaya ce kullum: makiyaya ta haɗiye filin nan gaba ɗayansa? In kwamfuta ta ce e, fili ya tsira. In ta ce a'a, ya faɗa rabon masu gina gidaje.

Ita kuwa kwamfuta ba ta san alfarma ba. Ko kusurwa ɗaya ce ta leƙa waje, amsarta a'a.

Filin marigayi Baffa, mahaifinta, inda Inna, mahaifiyarta, take zaune da shanunta, shekara uku yana samun e. Bana aka sake awon iyaka. Yayanta Hammajoda ya bar harkokinsa ya raka masu awo wuni guda cikin rana, don kada a cuce su. Ya dawo ya ce layi na nan inda Baffa ya san shi.

Ranar Talata da hantsi ta yi tambayar. A'a.

Ta sake. A'a.

Ta buɗa taswirar sosai. Filinsu bai motsa ba, layin makiyaya ne ya lanƙwaso ciki da taku huɗu, ya bar kusurwar rijiya a waje. Ta dubi Patricia, wadda ke shigar da lambobin awo, wadda suke cin abinci kwano ɗaya. Ta kashe kwamfuta, ta tari keke zuwa Tirwun.

Ta tarar da Inna tana wanke ƙwarya, Hammajoda na gefe.

"Inna, an fitar da mu," in ji ta, sai kuka.

Hammajoda ya gyara zama.

"Haba ƙanwata, ke da ke da boko? Ƙaddara ce. Taku huɗu a bakin rijiya ba abin zuwa kotu ba ne. Mu karɓi diyya, Inna ta dawo gari ta huta."

Habibatu ta share hawaye, ta daɗe tana kallon yayanta. Tun da ta baro ofis ba ta ambaci rijiya ga kowa ba, balle taku huɗu.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.