Malam Sallau da Ɗaliban da Ba Ya Gani

Ka ɗauki misalin Malam Sallau, wanda ya shekara ashirin da shida yana koyar da labarin ƙasa a wata kwalejin horar da malamai. Mutum ne da in ya riƙe alli ya fuskanci allo, ko mai gyangyaɗi sai ya wartsake. Sai aka wayi gari kwalejin ta ce za a riƙa koyar da wasu darussa ta intanet, saboda malaman firamare na ƙauyuka masu son ƙaro karatu ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Aka ba shi mutum sittin da huɗu, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Yakan kulle ofis, ya jingina waya da tulin littattafai, ya yi ta bayani awa guda cur, gumi na bin bayansa, sannan ya tura musu bidiyon. Makon farko mutum arba'in suka buɗe. Mako na uku, sha bakwai. Mako na biyar, tara. Kullum da safe sai ya tsaya duba adadin, har kokonsa ya huce bai kurɓa ba. Ga jarrabawa saura wata biyu, kuma duk wanda ya faɗi, ƙarin girman da yake jira a wurin aiki ya sha ruwa.

Alhali duk ranar Laraba bayan azahar malaman kwalejin kan taru a ɗakin malamai, kowa ya faɗi abin da ya gwada a darasinsa na intanet, wanda ya yi da wanda ya ƙi. Shi kuwa Malam Sallau sai ya zagaya ta bayan ɗakin karatu don kada a gan shi a kira shi. Mai jan zaman, Malama Tabawa ta sashen lissafi, ɗalibarsa ce a da, shi ya duba ta a gwajin koyarwa. Da wane baki zai zauna gabanta ya ce abu ya gagare shi? Sai ranar da shugaban sashe ya aiko a kai masa sunayen masu halartar darasi, sannan ya ga ba makawa. Laraba ta zo, ya shiga ya raɓe kusa da ƙofa. Har an fara naɗe takardu za a tashi ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, tara suka rage mini. Cikin sittin da huɗu." Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya, babu wanda ya yi. Wani malamin Turanci ma cewa ya yi shi har huɗu ya taɓa komawa. Malama Tabawa ta ce, "Allah gafarta Malam, ai ba kai suka guda ba. Bidiyon ne ba ya buɗuwa a garuruwansu. Ina da ɗalibar da sai ta hau dutsen bayan gari take samun sabis. Ka yanka darasin minti biyar-biyar, murya kawai." Wani ya ce ya riƙa rufe kowane saƙo da tambaya ɗaya, don ya san wa ya saurara. Wani ya jawo kujera ya nuna masa yadda zai zana taswira a takarda ya ɗauki hotonta ya tura.

Ya koma ya yi yadda aka ce, ya kuma bi lambobin ɗaliban yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Mutum arba'in da ɗaya suka zauna jarrabawa. Sauran sun riga sun bar karatun. Cikinsu akwai wata malamar aji uku da ya kira, ta gaishe shi da ladabi, ta ce tun mako na huɗu ta je ta janye sunanta, don ta ɗauka kowa na bin karatun, ita kaɗai aka bari a baya. Ta yi masa godiya ta kashe wayar. Abin da Malam Sallau ya ɓoye mako shida, abokan aikinsa sun warware shi kafin a kira la'asar. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.