Doreen Ba Ta Cikin Silin

"Kawu Merv, duba ko'ina!" in ji Tahlia, tana taka rawa a falo. Yau take barin gidana na haya a garin Mackay, kuma da kuɗin ajiyar da ta ba ni, in na mayar mata, za ta kama sabon ɗaki kafin yamma.

Na duba. Kafet ya sha wanki, murhu kuwa har fuskata na gani a jikinsa.

"Kin ci jarrabawa, 'yata."

"Saura albishir! Wata ƙatuwar mesa na tarar a silin. Na kira mai kamun macizai ya kai ta daji. Da kuɗina fa!"

Shekara goma sha tara mesar tana saman nan, har mafarkinta nake yi.

Na zaro takardar da Tahlia ta sa wa hannu ranar shigarta, ta alkawarin mayar da gida yadda ta same shi. Na nuna mata layin ƙarshe, rubutuna ne: "Doreen, mesa ɗaya, lafiyayya, maganin ɓeraye."

"Haba Kawu! Wa yake karanta layin ƙarshe?"

"Ɗauko makullin mota, 'yata. Wane dajin?"