Darasi na Biyu Ya Ƙi Buɗewa

Wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa ne manne a jikin darasi na biyu, a shafin intanet na wata kwaleji. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa sai ɗalibi ya ɗauki kansa a bidiyo, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi ajin falsafa, sannan a buɗe masa sauran darussan. Wanda bai turo ba kafin ƙarshen mako, kwalejin za ta cire sunansa.

Maigidan ya gyara zama a kujerarsa mai taya. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, hannun dama ya zama kaya, harshe kuma ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Da hagu yake lallaɓa kwamfutar, shi ma da kyar. Ba takardar shaida yake nema ba da furfurarsa. Bidiyoyin yake so ya kalla, duka, kuma kwalejin ba ta nuna su sai ga wanda ya yi rajista.

Ya koma darasin farko, wanda aka bari a buɗe don jan rai. Malamin ya fito cikin farar riga, yana murmushin mutumin da bai taɓa neman kalma ya rasa ba.

"Barkanku da zuwa. Ga tambayarmu ta farko: kai da ka kwanta jiya, kai ne ka tashi yau?"

Haushi ya turnuƙe maigidan. Mai baki ke nan, ya samu wuri sai zuba yake yi. Ga yawan wasa da hannu, ga ɗan tarin nan na yanga kafin ya kawo misali. Duk da haka leɓɓan maigidan suna motsi tare da na malamin, wani lokacin ma har su riga shi.

Matarsa ta shigo da magani da ruwa. Tana jin muryar ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta kau da kai wajen taga.

"Maigida, don Allah ka rage muryar nan. Ba na iya jin ta."

Ya nuna mata kyamara da haɓa. Ta yi ajiyar zuciya, ta ɓalle masa maɓallin wuya, ta goge masa gefen baki, ta danna.

"Ni… ni ne…"

Sunan ya maƙale. Suka sake. Ya fito a murguɗe, shi kansa bai gane shi ba. Haka suka yi ta yi har zufa ta jiƙa masa riga, daga ƙarshe suka zaɓi mai dama-dama suka tura.

Amsa ta iso da la'asar, cikin ladabi irin na ofis: ba a fahimci maganarsa ba, ya sake gwadawa. Har da shawara kyauta, wai ya lura da yadda malamin yake furta kalmomi dalla-dalla, ya yi koyi da shi.

Ran matar ya ɓaci. Ta kira ofishin kwalejin, ta sa wayar a amsa-kuwwa, wani ma'aikaci ya ɗauka.

"Ku haɗa ni da mai ajin nan na falsafa."

"Hajiya, malamin a bidiyo kawai yake. Ni tunda na fara aiki ban taɓa ganinsa ba. Mu ƙa'ida muke bi."

"Mijina ba ya iya magana sosai."

"Allah Ya ba shi lafiya. Amma gaskiya falsafa aikin baki ce. Ko za ku duba masa wani ajin?"

Ta buɗe baki za ta amayar da abin da ke cikinta, maigidan ya kama hannunta da hagunsa, ya girgiza kai. Ya gwammace ya rasa bidiyoyin da a ji tausayinsa ta waya. Duniya rawar 'yan mata ce, ya sani, amma sanin bai rage masa ɗaci ba.

Mako ya ƙare, shafin ya rufe, har da darasin farkon.

Karo na biyu ke nan da kwalejin ta cire sunansa. Na farko daga jerin malamanta ne, bayan ya kwanta ciwo, da suka ga sun riga sun naɗi dukan darussansa a bidiyo, ba su da sauran bukatar shi kansa.