Malamin Yaran Maraɗi

Kujeru saba'in Malam Zunnuraini ya sa aka jera a rumfar cibiyar koyon sana'a ta Magama, a ƙaramar hukumar Jibiya. Har hantsi ya dubi ludayi mutum tara ne a zaune, biyu daga ciki ma lemo ya kawo su.

Shekara bakwai ke nan yana koyar da haɗa wutar sola da gyaran injin ban-ruwa a nan. Ranar da aka buɗe cibiyar, manya sun sha jawabi: kamfani ba ya zuwa inda babu ƙwararru, a horar da matasa kawai, masu masana'antu za su zo da ƙafarsu. Ya kuwa horar. Ɗari da arba'in ya yaye. Kowanne ya karɓi akwatin kayan aiki, ya yi alkawari a gaban mahaifinsa da liman cewa zai zauna a Jibiya shekara uku, don in kamfani ya zo ya tarar da mutane a ƙasa. Malam da kansa ya ƙirƙiro wannan sharaɗi, a lokacin har bugun ƙirji yake yi da shi.

Kamfanin bai ga damar zuwa ba sai yau. Masu sarrafa riɗi da aya ne, suna da masana'anta a Maraɗi, suna neman inda za su kafa ta biyu. Su kuma na ƙaramar hukuma sun gaya masa ba kwana-kwana: in waɗannan suka juya, cibiyar ta zama ma'ajiyar taki.

Mako biyu ya yi yana bin gidajen ɗaliban da ya yaye a kan tsohon babur ɗinsa, daga Daddara zuwa Mazanya zuwa cikin gari. Lambobin wayar da ke hannunsa ba sa shiga. A kowane zaure amsar ɗaya ce: "Ya ɗan fita, Malam." Mahaifiyar wani ta aiko masa da fura mai sanyi, amma ta ƙi leƙowa su gaisa. Mahaifin Abdulfatah, ɗalibin da ya fi ji da shi, yana hango shi ya faɗa masallaci, alhali ko walaha ba ta yi ba.

Malam ba yaro ba ne, ya san irin fitar da ake nufi. A bakin boda, in saurayi ya ɓace babu bayani, to jarkar fetur yake jigila ta hanyar daji, ko ya sayar da kayan aikin ya koma acaɓa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da farko ya zargi yaran zamani, daga baya ya dawo kan kansa. Da sana'ar ta zauna a hannunsu da ba su yar da ita ba. Ke nan shi ne bai iya koyarwa ba, shekara bakwai yana shuka dusa.

Bayan azahar wakiliyar kamfanin ta iso daga Kano, wata injiniya mai suna Mufida. Ta dubi kujeru, ta dubi takardar sunaye mai shafi huɗu, ta ce a fara gwaji. Mutum bakwai ɗin suka kwance inji a gabanta suka mayar, ya tashi a bugu ɗaya. Ta tsuguna ta daɗe tana duba yadda suka jera wayoyin, har ta ɗan yamutsa goshi kamar mai son tuna wani abu.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Hamsin muke nema, ba bakwai ba. Ta Maraɗi kawai za mu faɗaɗa. Can hannu ya wadata, kuma ban taɓa ganin masu tsabtar aiki irinsu ba."

Bai yi musu ba. Ko ƙarfin roƙo ba shi da shi, ga ƙafa tana zogi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Alfarma ɗaya, 'yata. Wace makaranta ce ke horar da su? Tunda nan za a rufe, sai in je in zauna gaban malaminsu ko na wata guda ne, in ga abin da ya fi ni da shi. Gemu ba ya hana ilimi."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ce gaskiya ba ta sani ba, ita aikinsu take dubawa, ba ta taɓa tambayar asalin kowa ba, amma abu ne mai sauƙi. Ta kira shugaban masu gyara na can, ta ƙara muryar wayar don Malam ya ji da kunnensa, ta tambaye shi makarantar da suka fito.

Ƙarar injuna na tashi ta cikin wayar. Sannan mutumin ya rage murya.

"Hajiya, ai ba nan munka koya ba. Mu duka yaran Jibiya ne, wurin Malam Zunnuraini na Magama. Amma don girman Allah kar ya ji muna nan, kunyarshi muke ji."