Ba Haka Yake Faɗuwa Ba

Romon kaza ya sake hucewa a kwano, tsohuwa Genowefa ba ta ko kalle shi ba. Tun ranar da jikarta Jagoda ta taɓa mata na'urar wasan bidiyo, tsohuwar ta juya fuska bango, ta daina ci. Likita ya zo ya duba, ya ja Jagoda gefe ya ce in aka ci gaba a haka tsohuwar ba za ta ga Kirsimeti ba.

Laifin Jagoda ne, kuma ta sani. Yaran yanzu in suka ga abu yana aiki lafiya sai hannu ya fara musu ƙaiƙayi. Ranar bikin sunan tsohuwar ce, irin wanda ake yi wa mutum duk shekara a ƙasar nan, Jagoda ta zo da furanni da kek, ta ga na'urar ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, ta ce bari ta yi wa kakarta gata. Ta haɗa. Na'urar ta yi ta zuƙe-zuƙenta har ta sabunta wasan. Da aka kunna, jarumin yana nan da takobinsa, amma muryar ta wani ce.

Na'urar ta Leszek ce, ɗan Genowefa kuma mahaifin Jagoda, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jan labule da ɗaukar katako a gidan wasan kwaikwayo na nan Łódź, har ciwon huhu ya tafi da shi. Wasa ɗaya tak ne a cikinta, na wani mayaƙi, kuma babu wanda bai san mai muryar mayaƙin ba. Bogumił Sarna ne, tauraron fina-finai, wanda sunansa a jikin kwali ya fi sunan wasan girma. Saboda sunan nan mutane suka yi layi a shaguna kamar ana raba nama. Yanzu yarjejeniyarsa da kamfani ta ƙare, an ɗauko wani sabon tauraro, an goge tsohon sauti kaf.

Genowefa ba ta iya wasan ba, ba ta kuma nemi iyawa ba. Kullum in ta gama wanke kwanuka sai ta zauna, ta danne duk surutun jarumin ta wuce, ta kora shi kan ganuwar birni, ta tura shi ƙasa. Ya faɗo, ya yi ihu, ya yi nishi, ya tashi yana haki. Ta sake kora shi. In ya ishe ta, ta kashe, ta rufe na'urar da ƙyalle.

"Kaka, wai me bawan Allahn nan ya yi miki?" Haka Jagoda kan tsokane ta. "Ko ya taɓa cewa yana son ki ya fasa?"

"Rufe min baki, uwar iyayi. Je ki fere dankali."

A ranar da aka sabunta wasan ma haka ta yi. Ta kora shi, ta tura, ta kasa kunne. Sai ta ajiye rimot a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Ba haka yake faɗuwa ba," ta ce. Ta tashi ta je ta kwanta, ta juya fuska bango.

Jagoda ta buga wa kamfanin waya, wata yarinya mai ladabi ta ba ta haƙuri, ta ce abin da aka sabunta ba ya komawa. Ta kai na'urar wurin mai gyara, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mata abarta. Ta samo tsohon faifai a kasuwar gwanjo, na'urar ta ƙi karɓarsa sai da sabon sauti. Ta tattaro fina-finan Sarna a waya ta kunna a gefen gado, tsohuwar ta ce a kashe mata wannan mai bakin zumar, kanta ke ciwo.

Jagoda ta tambaye ta dalili, ta roƙa, har ta durƙusa tana kuka. Amma Genowefa mace ce da in ta kulle baki, ko limamin coci ba ya buɗe shi. Kullum wuyan hannunta sai ƙara sirancewa yake.

Abu ɗaya ya rage. Sarna yana nan da ransa, yana wasa a Warsaw. Jagoda ta hau jirgin ƙasa, ta je ta tsaya a ƙofar baya ta gidan wasan cikin masu neman hoto, sanyi na cin ƙafarta. Can ya fito, dattijo tsaf, wuya naɗe da mayafin ulu, ƙamshin turare na bin sa. Ta kutsa ta tare gabansa da waya a hannu.

"Ranka ya daɗe, ba hoto nake so ba. Kakata ce ke mutuwa. Ihu ɗaya za ka yi min a wayar nan, irin wanda kake yi in ka faɗo daga kan ganuwa."

Ya yi dariya. Da ya ga ita ba ta yi ba, sai ya daina, ya shafa maƙogwaronsa.

"'Yata, ni magana nake yi. Maƙogwaron nan shi ke ci da ni, ban taɓa yarda an kekketa shi da ihu ba. Nakan karanta nawa in kama gabana. Faɗuwa da nishi da haki, wani ake rufewa a ɗaki ya yini yana yi har murya ta dishe, kuma a sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba."

"To ina zan same shi?"

"Ayya, na ji an ce ya rasu," in ji Sarna, yana gyara mayafinsa zai shiga mota. "Wani mai jan labule ne can Łódź, Leszek ake ce masa."